Tsayin Ƙarfe da Yawan Baƙi: Lissafin da Ya Rikita Wuraren Wasan Amurka

Da sanyin safiyar Juma'a, 28 ga Fabrairun 2025, mazauna garin Jackson da ke jihar New Jersey a Amurka suka ji tashin nakiya a jere. Kafin a ce kwabo, wata hasumiyar koren ƙarfe mai tsayin mita 139 ta karkata ta kwanta, ƙura ta turnuƙe. Kingda Ka ke nan, jirgin lilon da ya yi kusan shekara 20 babu na biyunsa a tsayi a faɗin duniya. Masu shi, kamfanin Six Flags, su ne da kansu suka biya aka tarwatsa shi. Tun watan Nuwamban da ya gabata suka rufe shi shiru, ba sanarwa ba bikin bankwana, sai bayan an kulle ƙofa masoyansa suka ji labari.

Ga wanda bai taɓa gani ba, jirgin lilo 'yan taragu ne marasa rufi a kan siririn layin dogo da aka ɗaga sama, layin yana hawa yana gangarawa yana murɗewa, wani wurin ma ya kifa mutum kai ƙasa ƙafa sama. Yawancinsu ba su da inji a jiki. Sarƙa ce ke jan su a hankali zuwa ƙololuwa, mutum na zaune an danne masa cinya da sandar ƙarfe, yana jin ƙas-ƙas-ƙas na maƙallin da ke hana tarago komawa baya, yana kallon motoci a ƙasa suna ƙanƙancewa. Daga can sama kuma nauyin jirgin ne kaɗai ke tuƙa shi har tasha. Kingda Ka ya fita daban: harba shi ake yi. Daga tsaye cik zuwa gudun kilomita 206 a awa cikin daƙiƙa 3 da rabi, ya miƙe sama sak, ya leƙa ƙololuwa, ya sulmiyo. Tafiyar gaba ɗaya ba ta cika rabin minti ba.

An kashe masa kimanin dala miliyan 25 a 2005. Da kamfanin ya zo sanar da rufe shi, ya yi alfaharin cewa an hau shi sama da sau miliyan 12. Adadin na da daɗin ji, amma a raba shi gida 20 a gani: kimanin hawa 600,000 ke nan a shekara, a wurin da a shekarunsa masu kyau ke karɓar baƙi sama da miliyan 3. Ko da a ce kowane hawa na mutum daban ne, huɗu cikin biyar na waɗanda suka biya kuɗin ƙofa sun koma gida ba su hau shi ba. Wasu tsoro ya hana su, wasu ba su kai tsayin santimita 137 da aka gindaya ba, wasu kuwa sun iske shi a kulle, don injin harba shi mai aiki da matsin mai ya yi ƙaurin suna wajen lalacewa.

Kuɗi a ƙofa suke

A 1884, lokacin da LaMarcus Thompson ya kafa Switchback Railway a Coney Island da ke Niyok, lissafin ba shi da wuya. Kowane hawa santi 5 ne, jirgin na tafiyar da ba ta wuce kilomita 10 a awa ba, da yamma a ƙirga abin da ya shiga akwati a san ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Haka aka daɗe ana yi. Six Flags Over Texas, da aka buɗe a 1961, shi ya yayata tsarin biyan kuɗi sau ɗaya a ƙofa, ka shiga ka hau abin da ka ga dama. Disney ma ta daina sayar da littafin tikitin kowane wasa a 1982.

Daga ranar da aka koma wannan tsari, jirgin lilo ya daina samar da ko sisi da kansa. Aikinsa ya zama jan mutum daga gida. Sauran kuɗin ana tatsar su ne a wurin ajiye mota, da shagon abinci, da rigar tunawa, da otal. Tambayar da manajan kowane wuri ke yi kafin ya sa hannu a kwangila ita ce: mutum nawa ne za su zo saboda wannan ƙarfe waɗanda da ba za su zo ba? Babu mai iya ba da amsa kafin a gina, bayan an gina kuma ruwan sama da farashin fetur da hutun makaranta duk sun cuɗanya cikin adadin.

Babu inda aka gwada wannan caca kamar Cedar Point, wurin wasan da ke kan wani siririn zirin ƙasa da ya kutsa cikin tafkin Erie, kusa da garin Sandusky a jihar Ohayo. Tun 1870 ake zuwa shaƙatawa a can. A 1989 ya kafa Magnum XL-200 a kan dala miliyan 8, jirgin lilo na farko mai cikakken zagaye da ya haura mita 60. Wannan ne ya kunna wutar abin da 'yan sana'ar ke kira yaƙin jiragen lilo. Kowa ya shiga neman abin da zai rubuta a allon talla: mafi tsayi, mafi gudu, mafi yawan juyi. Cedar Point ya sake yunƙurawa a 2000 da Millennium Force mai mita 94, sannan a 2003 da Top Thrill Dragster mai mita 128, kowannensu a kan dala miliyan 25. Shekara biyu kacal Dragster ya yi da kambun, Kingda Ka ya zo ya ɗara shi da mita 11.

Cikin shekara 14 tsayin ƙarfen Cedar Point ya ninka. Baƙinsa kuwa suna nan inda suke, tsakanin miliyan 3 da 4 a shekara. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wurin yana buɗewa ne a Mayu, ya rufe da shigowar sanyi, kuma yawancin masu zuwa a mota suke zuwa daga Cleveland da Detroit da Toledo da Columbus. Wannan yanki na tsoffin masana'antu ba ya haɓaka kamar kudu. Birnin Detroit da ke da mutum miliyan 1.8 a 1950 ya koma 639,000 a ƙidayar 2020. Da yawa sun koma unguwannin gefe ne, amma yankin bai ƙaru da wani abin a-zo-a-gani ba. Duk tsayin hasumiya, iyakar masu ganinta su ne waɗanda ke iya tuƙo mota su zo.

Maƙwabcinsa Geauga Lake, wanda bai kai tafiyar awa biyu daga Sandusky ba, shi ya ɗanɗana kuɗarsa. Tsohon wurin iyali ne tun 1887, yana tafiya daidai ƙarfinsa. A 2000 Six Flags ya zuba masa dala miliyan 40, ya dasa jiragen lilo huɗu a shekara guda, wai don ya kece raini da Cedar Point. Shekara ta zagayo ya sayi SeaWorld na ƙetaren tafkin Geauga a kan dala miliyan 110 ya haɗe su. Baƙi sun haura miliyan 2 da rabi, sai suka fara zubewa. A 2004 aka sayar da wurin ga Cedar Fair, mamallakin Cedar Point, a kan dala miliyan 145, wato ƙasa da abin da aka kashe a waɗancan shekaru biyu kaɗai. A Satumban 2007 aka rufe ɓangaren wasannin, aka kwance wasu jiragen aka kai wasu wurare. Shi kuwa Six Flags, da ya yi ta cin bashi yana sayen wurare da ƙarafa, a Yunin 2009 ya garzaya kotu neman kariya daga masu bin sa dala biliyan 2.4.

Yaron da ya fi hasumiya jan jama'a

Ana cikin wannan ne Orlando ta jihar Fulorida ta nuna wata hanya. Universal ta buɗe Islands of Adventure a 1999 da manyan jiragen lilo masu ban tsoro, amma jama'ar da aka sa rai ba su zo ba. A ƙiyasin ƙungiyar TEA, wadda ke fitar da alƙaluman baƙi duk shekara saboda Disney da Universal ba sa bayyana nasu wuri-wuri, mutum miliyan 4.6 ne suka shiga a 2009. A Yunin 2010 aka buɗe unguwar Harry Potter, yaron nan na littattafan labari: titi mai shaguna, rufin gidaje da ƙanƙarar bogi a tsakiyar zafin Fulorida, fadar makarantar labarin a kan dutse. A 2011 baƙi sun kai miliyan 7.7. Babu jirgin lilon da ya taɓa yi wa wani wuri irin wannan aiki. Ga shi kuma mutanen ba hannu rabbana suke fita ba, suna layin sayen sandar tsafin wasa da alkyabba da wani lemo mai kumfa da aka ɗauko daga littafin.

Abin da ya biyo baya ya fi ba ni dariya. A 2017 Universal ta rushe tagwayen jiragen lilon da ke wannan unguwa, masu kifa mutum sau biyar-biyar, ta maye gurbinsu da na Hagrid, ɗaya daga cikin mutanen labarin, a 2019. Sabon bai wuce mita 20 a tsayi ba, gudunsa kilomita 80 ne a awa, ba ya kifa kowa. Mutum dai yana kan babur ne cikin daji da aka dasa, yana cin karo da dabbobin labarin. Ana ƙiyasta kuɗinsa da dala miliyan 300, ninki 12 na Kingda Ka, kuma ranar buɗe shi layin ya kai na awa 10.

Magic Kingdom na Disney da ke yankin Orlando, wurin wasan da ya fi kowanne baƙi a duniya, ba shi da jirgin lilo ko ɗaya da ke kai kilomita 100 a awa. Universal na Japan da ke Osaka ya hau matsayi na uku a duniya a 2023 da baƙi miliyan 16, bayan ya buɗe unguwar Nintendo a 2021. Abin da ke cika waɗannan wurare shi ne yaro ya riga ya san Mario ko Mickey tun daga gida, shi ne zai matsa wa iyaye, kuma idan an tashi tafiya har da kaka ake zuwa. Sai dai a yi adalci: Orlando tana karɓar matafiya kimanin miliyan 75 a shekara, tana buɗe rani da damina. Ba a haɗa ta da Sandusky.

Bayan korona

Annobar 2020 ta yi wa sana'ar dukan kawo wuƙa. Disneyland na Kalifoniya ya yi wata 13 a kulle. Magic Kingdom ya faɗo daga kusan miliyan 21 a 2019 zuwa ƙasa da miliyan 7 a 2020, kuma har 2024 bai kai miliyan 18 ba. Amma Disney ko a jikinta. Sashenta na wuraren wasa da jiragen ruwa da kayan sayarwa ya tara dala biliyan 34 a shekarar kuɗi ta 2024, adadin da bai taɓa kaiwa ba. Mutane kaɗan ne, amma kowannensu ya fi kashe kuɗi. Tsallake layi, da a da kyauta ne, tun 2021 ya koma na kuɗi ta wayar hannu, tikitin rana ɗaya a Disneyland a ranakun cunkoso kuma ya haura dala 200 a 2024.

Six Flags ya ga haka ya ce shi ma bari ya gwada. Selim Bassoul, da ya zama shugaban kamfanin a ƙarshen 2021, ya soke rangwame ya ƙara farashi, har ya faɗa wa masu hannun jari cewa wuraren nasu sun zama gidan rainon matasa mai araha. Jama'a suka ji, suka zauna a gida. Baƙi suka ragu daga miliyan 27.7 a 2021 zuwa miliyan 20.4 a 2022, alhali a 2019 sun kusa miliyan 33. A ganina kuskuren a fili yake: ya ɗauki farashin Disney bai ɗauki kayan Disney ba. Matasan da ya raina su ne ainihin masu hawan dogon ƙarfe, kuma su ne masu dawowa kowane mako.

A ranar 1 ga Yulin 2024 tsoffin abokan hamayya, Cedar Fair da Six Flags, suka haɗe suka zama kamfani ɗaya mai wurare 42, da sunan Six Flags, da hedikwata a Charlotte, da bashin da ya kai dala biliyan 5. Sabon kamfanin ya yi alkawarin kashe dala biliyan 1 cikin 2025 da 2026 a kan sababbin wasanni da gyare-gyare. Hannu ɗaya na ginawa, ɗayan na rushewa: Kingda Ka ya tafi, Six Flags America da ke jihar Maryland ya rufe ƙofa a farkon Nuwamban 2025 don a sayar da filinsa. A watanni uku na Afrilu zuwa Yunin 2025 baƙin kamfanin sun ragu da kashi 9 cikin 100, shugabannin suka ɗora laifi a kan ruwan sama da guguwa. Da gaskiyarsu, don Asabar ɗin da ruwa ya cinye ba ta dawowa. Amma a daidai wannan lokaci, ranar 22 ga Mayu, Universal ta buɗe Epic Universe a Orlando, wurin da ake ƙiyasta ya ci dala biliyan 7, Disney kuma tun 2023 ta sanar da shirin kashe dala biliyan 60 cikin shekara 10. Abin da Six Flags ya yi alkawarin raba wa wurare 42 cikin shekara biyu bai wuce kashi ɗaya cikin bakwai na kuɗin wuri guda a Orlando ba.

To me ya sa ba su daina ginawa ba?

Saboda tikitin shekara. Fiye da rabin masu shiga wuraren Six Flags ba baƙi ba ne, 'yan gari ne masu katin shiga na kakar wasa gaba ɗaya. A Agustan 2019 Cedar Point ya sayar da irin wannan kati a kan dala 99, kuɗin da bai kai na shiga sau biyu a farashin ƙofa ba. Mai irin wannan kati ya riga ya hau komai sau ba adadi. Idan kaka ta ƙare aka turo masa saƙon sabuntawa, abin da zai tambaya shi ne, mene ne sabo baɗi? Shi ya sa ake sanar da sabon jirgin lilo a ƙarshen bazara, daidai lokacin da aka fara sayar da katin shekara mai zuwa. Kuɗin katin su ke riƙe kamfani a watannin da ƙanƙara ta rufe layin dogo. Sabon ƙarfe ya zama kamar kuɗin haya: biyansa ba ya ƙara maka ɗaki, amma ranar da ka daina sai ka ga kayanka a waje.

Abin da ya sauya shi ne irin ƙarfen da ake saye. Kamfanin Rocky Mountain Construction na jihar Idaho ya yi suna wajen ɗaukar tsohon jirgin katako da ya gaji yana jijjiga ƙashin mutane, ya bar ginshiƙansa ya shimfiɗa masa sabon layin ƙarfe. Haka Mean Streak na Cedar Point ya koma Steel Vengeance a 2018. Harbawa da maganaɗisu ta maye gurbin injin matsin mai. An kuma koma neman jirgin da iyali za su hau tare. Dollywood da ke jihar Tennessee ya kashe dala miliyan 25 a 2023 a kan Big Bear Mountain, wanda yaro mai tsayin mita ɗaya zai iya hawa kusa da mahaifiyarsa.

Tsoron abin da injin da ba a gama gwadawa ba zai jawo shi ma ya shiga lissafi. A Agustan 2021 wani ƙarfe ya ɓalle daga jikin Top Thrill Dragster ya bugi wata mata da ke tsaye a layi, ta ji mummunan rauni a ka. Daga ranar bai sake tashi ba. Cedar Point ya ba kamfanin Zamperla na Italiya aikin sake shi, aka ƙara masa hasumiya ta biyu, aka buɗe shi a Mayun 2024 da sunan Top Thrill 2. Bayan kusan mako guda aka sake kulle shi saboda matsala a taragunsa, kuma bai dawo ba sai 2025. Mutanen da suka sayi katin shekara dominsa sun yi kaka guda suna kallon hasumiya biyu a tsaye shiru. Masu ƙera irin waɗannan injuna 'yan kaɗan ne a duniya, kusan duk a Turai: Intamin a Liechtenstein, Bolliger & Mabillard a Suwizalan, Vekoma a Holan, sai Mack a Jamus, wanda iyalinsa ke da Europa-Park, suna gwada hajarsu a gidansu kafin su sayar wa wani.

Kambun ya koma hamada

Gasar tsayi da gudu ba ta mutu ba, ƙaura ta yi. Tun 2010 Formula Rossa na Ferrari World a Abu Dabi ya ƙwace kambun gudu da kilomita 240 a awa, har sai an ba masu hawa tabarau saboda yashi da ƙwari. A ranar ƙarshe ta 2025 aka buɗe Six Flags Qiddiya City a kudu maso yammacin Riyad, da jirginsa Falcons Flight, wanda Intamin ya ƙera. Layinsa ya haura kilomita 4, yana gangarowa daga saman dutsen Tuwaiq, gudunsa ya kai kilomita 250 a awa, an kuma sa wa taragunsa gilashin gaba kamar na mota. Alhazanmu da masu Umara kada su ɗauka leƙawa ce ta bayan la'asar, don tsakanin Makka da Riyad akwai kusan kilomita 900.

Sunan Six Flags ne a ƙofar, amma kuɗin na asusun zuba jarin gwamnatin Saudiyya ne, kuma lissafinsa daban yake da na Sandusky. Ƙasar da sai a 2018 ta sake buɗe gidajen sinima tana so 'yan ƙasarta su riƙa kashe kuɗin hutunsu a gida maimakon Dubai da Landan, tana kuma so a san ta da wani abu ban da man fetur. Wanda ke sayen suna ba ya jiran tikiti ya mayar masa da uwar kuɗi.

Duk da haka jama'a ba a umurtarsu su zo, kuma Dubai ta riga ta gwada. Dubai Parks and Resorts, da aka buɗe a ƙarshen 2016 a kan sama da dala biliyan 3, ya yi hasashen ziyara miliyan 6.7 a 2017, ya samu miliyan 2.3. Wurin Six Flags da aka fara ginawa a gefensa aka yi watsi da shi a 2019. Rani a yankin yana yi wa wurin wasa na fili abin da hunturu ke yi wa Ohayo. A Mayun 2025 Disney ta sanar da cewa ita ma za ta zo tsibirin Yas na Abu Dabi, amma da sharaɗin da ya nuna ta karanta waɗannan alƙaluma: kamfanin Miral na masarautar shi zai ɗauki nauyin gini da gudanarwa gaba ɗaya, ita kuma ta zana wurin, ta ba da aron sunanta, ta riƙa karɓar kasonta.